Lodin da Muka Fito da Shi daga Gidan Dillali

Sana'ata shinkafa ce, kuma ba gadonta na yi ba. Koyarwa na yi a firamare har maƙogwarona ya gaji. Da maigidana ya rasu na ga albashi ba zai riƙe ni da yara ba, sai na shiga sayen shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, daga manoman Achika da Darki. Ba ni nake gyara ta ba. Rarraba ta nake yi wa mata a gidajensu, su jiƙa, su turara a rabin duro, su shanya, sannan a kwaso a kai inji a cashe. Yawancin matan nan a unguwar gangare suke, wadda ke kallon kogi, inda in ka tsaya a ƙofar gida kana hango motoci suna wucewa a kan gada.

Ƙanena ne abokin haɗin gwiwata. Ma'aikacin gwamnati ne, ya zuba abin da ya tara, ni kuma na zuba ƙafata da bakina. Mutumin kirki ne, sai dai akwai shi da son taro, kuma duk bitar da aka tura shi Kano sai ya dawo mana da sabuwar kalma, mu yi ta shan ta safe da yamma har wata bitar ta zo ta cece mu.

Wata damina ruwa ya yi mana ta'adi. An yi ta sheƙa shi kwana da kwanaki, aka kuma ce an saki na madatsa daga sama, kogi ya cika ya tumbatsa ya shigo unguwar gangare har gwiwa. Ba a rasa rai ba, Alhamdu lillahi, amma katangu sun zube, kuma shansherarmu da ke jibge a ƙasa cikin gidaje ta sha ruwa. Wadda ba ta ruɓe ba ta tsiro. Na tsaya a wani tsakar gida ina kallon saiwoyi farare sun huda buhu sun leƙo waje, raina ya yi baƙi ƙirin. Ban yi kuka a gaban mutane ba, sai da na koma gida.

Da rani ya shigo, ƙanena ya dawo daga wata bita da maganar shirya wa masifa tun kafin ta zo. A wannan karon ban yi masa dariya ba, don gaskiya ya faɗa. Ya ce ruwan nan zai dawo, in ba bana ba to baɗi, kuma ba hankali ba ne mu bar jarinmu a bakin kogi. Shawararsa ita ce mu kafa babbar rumfa a wani fili da muke da shi a kan tudu ta hanyar Utai, mu yi daɓen siminti na shanya, mu jera tukwane, mu haƙa rijiya, matan su riƙa zuwa can aiki da safe su koma da yamma. Ya ƙara da cewa sai an tara masu ruwa da tsaki an ji ta bakinsu.

Na ce masa, "Masu ruwa da tsakin nan fa su ne matan da suka san ka tun kana yawo ba wando."

Ya ce, "Duk da haka, Yaya, a tara su."

Aka tara su a tsakar gidana. Sun zo cikin hijabansu na fita unguwa, aka shimfiɗa tabarmi, aka raba lemo. Ƙanena ya tsaya daga bakin zaure ya yi bayani tiryan-tiryan. Da ya gama ya tambaya ko akwai mai magana. Can wata ta ce, "To, Allah ya sa alheri." Sauran suka amsa da amin, suka ce Allah ya kai mu. Ya dube ni yana murmushi, ni ma na mayar masa, muka sa aka fara gini.

Rumfa ta yi kyau, wannan babu musu. Ranar da aka buɗe ta 'yan ƙalilan ne suka zo, washegari suka ragu, kafin mako ya zagayo sai kaji ke yawo a kan daɓen. In na aika a tambaya sai a ce wance ba ta jin daɗi, wance ta yi baƙi, wance tana nan tafe. Ƙanena ya cika ya batse. Ya ce tunda sun zaɓi zama a bakin ruwa, mu nemi wasu matan a nan kusa da tudu mu koya musu aikin, kowa ya kama gabansa. Ni ma raina a ɓace yake. Na ɗauki mayafina na ce bari in je in ji ta bakinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma wallahi da niyyar faɗa na fita.

Amma faɗa yana da wuya a gidan Bahaushiya. Kafin a gama ina kwana, ina gajiya, yaya yara, yaya maigidan, yaya muka ji da haƙuri, a kawo ruwa, a kawo tabarma, a sake sabuwar gaisuwa, wutar da ka shigo da ita ta yi sanyi. Kuma babu wadda ta amsa tambayata. Duk wadda na ce wa me ya hana ta zuwa rumfa sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Babu komai, Hajiya, in sha Allahu muna nan zuwa." Da na ga tambaya ba ta kai ni ko'ina, sai na daina. Na riƙa zama kawai, in karɓi faifai in taya tsintar wake, in yi ta kallo.

A gida na farko na ga murhun da ake ɗora duron shinkafa, kusa da shi ga ƙaramin murhun tuwo. Matar ta gaya mini cikin hira, ba tare da ta san tana ba ni amsa ba, cewa tun da aikin shinkafa ya tsaya itacen girki ya zame musu aiki, don da can garwashin duro take ja ta dafa na dare. A wani gidan surukar ce makauniya, sai an kama hannunta an kai ta bayan gida. Wata tana da goyo da mai rarrafe. Wata kuwa maigidanta bai hana ta sana'a ba, amma fita kullum tun safe har yamma ba zai lamunta ba, ita kuma ba za ta tsaya a taro ta kai ƙarar mijinta ba. Mu mun ɗauka aikin ne kawai suke so. Ashe abin da ya sa aikin ya yi musu shi ne yana shigowa har tsakar gida ya same su.

Gidan da na bari ƙarshe shi ne na wadda nake kira Inna. Ta girme ni sosai, kuma duk cikin matan babu mai hannunta. Shinkafar da ta turara ba ta karyewa a inji, masu saye daga Kano in sun damƙa sukan ce a ƙaro irin wannan. Gidanta ne na ƙarshe a gangaren, daga shi sai gonaki sai kogi.

Mijinta kowa ya san shi a Wudil. Dillalin shanu ne a kara, ƙaton mutum, mai murya. Ranar Juma'a in yana ciniki, kana bakin titi kana jin sa. Ina yarinya na taɓa ganin ya riƙe ƙahon bijimin da ya ƙwace, yana riƙe da shi yana ci gaba da yi wa mai saye ba'a. Sai hawan jini ya buge shi, aka kai shi asibiti, aka dawo da shi, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake sa shi a ido. Masu zuwa dubiya a zaure suke tsayawa, Inna ta fito ta amsa gaisuwa ta ce yana barci. Kullum yana barci. A garin da dubiya take haƙƙi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aka yi ta magana, wasu su ce rowar mijinta take yi, wasu su ce ta raba shi da abokansa, wasu su faɗi abin da ya fi haka muni. Ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu da kowa.

Na same ta tana wanki. Muka gaisa, ta ba ni kujera 'yar tsugunne, ta ci gaba da abin da take yi. Na lura zannuwan gado ne take wankewa, da yawa, kuma a bayan ɗaki take shanya su, ba a kan igiyar tsakar gida ba. Na lura kuma ko tana magana da ni kunnenta yana kan ƙofar ɗakin da labule ya rufe. Ban tambaye ta rumfa ba. Muna cikin hirar tsadar itace sai muka ji wani abu ya faɗi tim a cikin ɗakin. Ta yar da sabulu ta ruga. Na ji tana nishi, tana kiran sunan Allah, na ji alamar tana ja tana kasawa. Can ta ɗaga labule ta tsaya tana kallona. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Hajiya, zo ki kama mini."

Ba zan bayyana duk abin da na gani ba, don ba nawa ba ne. Mutumin da na sani ya ƙare, saura ƙashi da fata, ɓarin jikinsa ɗaya ya mutu, bakinsa ya karkace, kuma ba ya iya riƙe komai nasa. Ya mirgino ne daga gado. Muka kama shi ni da ita muka mayar, bai fi nauyin yaro ba. Da idonsa ya faɗa kaina ya gane ni sarai. Sai hawaye, ya yi ta ƙoƙarin juyar da fuskarsa bango da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Na fito da sauri na tsaya a tsakar gida.

Da ta gama gyara shi ta fito ta zauna kusa da ni. Ta ce kafin harshensa ya gama tafiya, magana ɗaya ya yi ta maimaita mata, "Kada ki bari a gan ni." Ta ce ta yi masa alkawari. Ɗansu direban babbar mota ne, yana kan hanyar kudu, yana aiko abin da ya samu. 'Yarsu tana aure a Darki, takan zo ta kwana biyu ta koma. Sauran duk ita ce, dare da rana.

Ta ce, "Aikin shinkafar nan, Hajiya, shi kaɗai ne zan yi ina jin motsinsa. Da shi muke ci, da shi nake sayen magani. Na ce miki to a taron nan don ban san yadda zan ce a'a ba tare da na faɗi dalili ba."

Na ce, "Inna, na ji."

Ta ce, "Ke ma ba ki ga komai ba."

Na ce, "Ban ga komai ba."

Na koma gida na kira ƙanena na ce aiki zai koma gidaje. Ya tambayi dalili, na ba shi na itace da na goyo da na makauniya, na riƙe na Inna. Ya ce, "Yaya, kin san abin da kike yi kuwa? Ruwan nan fa ba ya jin tausayi." Na ce na sani. Muka yi ta sa-in-sa har ya tashi ya fita bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Amma na faɗa muku mutumin kirki ne. Bayan kwana biyu ya dawo ya ce in dai dole sai a gangare za a yi, to a yi shi da shiri. Nan ne bitarsa ta yi mana rana.

Rumfa ta zama wurin ajiya. Ba ma kai wa kowace mace sai abin da za ta iya gamawa cikin ɗan lokaci, in an kwaso a kai wani. Muka sa magina suka yi wa kowane gida dakali mai tsawo da bulo, a jera buhuna a kai a lulluɓe da tamfol. Ƙanena ya yi magana da manoman da ke sama da mu a bakin kogi, duk wanda ya ga ruwa yana hawa fiye da kima ya buga mana waya. Ni kuma na tafi neman mai kwale-kwale.

Akwai wani dattijo mai fito, masunci ne tun kakanni, ba ya son yawan magana. Na same shi a bakin ruwa yana ɗinkin koma. Na ce ina so in ruwa ya zo ya zama shi ne zai kwashe mana kaya. Ya ce to. Ni kuwa yanzu na san darajar wannan to ɗin, don haka na nemi wuri na zauna. Na ga jirginsa a kife, katako biyu sun ruɓe, an tottoshe da tsumma. Na tambayi inda gidansa yake, ya nuna mini da baki, ashe shi ma a gangaren ne. Na ce masa, "Baba, za mu kawo katako da kwalta a gyara jirgin nan kafin damina. In ruwa ya zo kuma, iyalinka za ka fara fitarwa, sai duk wani mai rai da ya maƙale, sannan shinkafa." Ya ajiye komar ya dube ni. Ya ce, "To, Hajiya, yanzu kam mun yi magana."

Abu ɗaya ne ya gagare ni. Na koma wurin Inna na roƙe ta mu ɗauke Alhaji, mijin nata, tun ƙasa tana bushe, mu kai shi gidana, ga ɗakin marigayi maigidana nan babu kowa a ciki. Ta ce ta yi masa maganar, ya yi ta girgiza kai yana kuka har ta ji tsoro. Ta ce wancan ruwan ma a zaure ya tsaya, bai shiga ɗaki ba. Na so in matsa mata, amma na ga ta riga ta sha matsi ta kowane gefe. Na bar ta, damina ta shigo, hankalina kullum yana kan gidan nan.

Ruwan ya dawo ranar wata Juma'a. Da sassafe waya ta shigo daga sama cewa kogi yana tafe da ƙarfi. Kafin hantsi ya shiga lunguna. Mai fito ya fitar da nasa kamar yadda muka yi, sannan ya zo. Ƙanena ya aro motar a-kori-kura ya tuƙo da kansa, ya ja ta da baya har bakin ruwa inda titi ya gangara. Mutanen unguwa yawanci sun riga sun fito da ƙafa, kaya a ka, yara a kafaɗa. Na buga wa Inna waya, ta ce ruwa bai shigo mata ba, mu fara da na sauran. Muka bi gida-gida, buhuna suna nan a bushe a kan dakali, aka yi ta jigila. Na sake kiran ta, ta sake cewa bai shigo ba. A muryarta na ji ba gaskiya ba ne. Na naɗe zanena na shiga jirgin da kaina, ƙanena ya biyo ni.

Mai fito ya tuƙa jirgin ya shige ta inda katangar gidan ta riga ta faɗi. Ruwa a tsakar gida ya kai cinya. Inna tana tsaye a cikinsa a bakin ƙofar ɗaki, hannunta ɗaya riƙe da labule. Ana yayyafi. Ga shinkafarmu can a kan dakali, kuma kasonta ya fi na kowa yawa, don hannunta ya fi na kowa kyau. Mai fito ya taɓa bangon ɗakin da sandar tuƙi, ƙasa ta ɓare ta zubo. Ya ce a hankali, "Hajiya, wannan ginin ba zai jira sawu na biyu ba."

Inna ta ce, "Ku ɗauki shinkafarku ku tafi. Ni ina nan tare da shi."

Na ce, "Inna, ki ji tsoron Allah."

Ta ce, "Yau Juma'a ce, Hajiya. Garin nan duka yana bakin titi. 'Yan kara duka suna can. A gabansu zan wuce da shi a kwance, suna leƙe?"

Gaskiya ta faɗa. Muna tahowa na ga mutane danƙam a bakin titi da kan gada, 'yan kasuwa da 'yan kallo, samari da yawa sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Na juya na gaya wa ƙanena a taƙaice abin da na ɓoye masa tun rani, don yanzu babu sauran hanya. Ya sauka cikin ruwa da wandonsa na ofis, ya je ya tsaya gaban Inna ya ce, "Inna, ki ba ni izini in shiga. Ɗanki ne." Ta dube shi, ta dube ni, ta saki labulen.

Bai daɗe ba ya fito, fuskarsa ta sauya. Ya tsaya yana kallon dakalin, ya kalli jirgin. Sai ya nufi shinkafar ya fizge tamfol ɗin da ke kanta, yayyafi ya fara sauka a kan buhuna. Ya ce, "Kowa ya san shinkafa muka zo ɗauka. Mu jera buhuna gefe da gefe a jirgi, mu kwantar da shi a tsakiya, mu rufa wannan a sama yadda iska za ta shiga. Wanda ya ga lodi ya ga lodi."

Na ce, "Sauran fa?"

Ya ce, "Yaya, bar su."

Jirgin ba zai ɗauki fiye da 'yan buhunan da za su yi masa katanga ba. Sauran da muka bari ba mu sake morarsu ba, don bangon ya faɗa musu kafin la'asar, kuma sai da muka shekara muna jin raɗaɗin wannan asara. Amma a lokacin ko waiwaye ban yi ba.

Inna ta shiga ta lulluɓe shi da babbar rigarsa, ta gaya masa abin da za a yi. Ƙanena da mai fito suka cire ƙyauren ɗakin suka ɗora katifar a kai. Ba zan manta da mai fito ba. Ya yi sallama a bakin ƙofa, ya shiga idonsa yana kan rufin ɗaki, ya shiga gaisuwa cikakkiya kamar sun haɗu a kasuwa, "Alhaji, barka da war haka. Ina gajiya? Yaya ruwa? Yaya iyali? Madalla, madalla." Yana gaisuwar yana ɗagawa, shi yake tambaya shi yake amsawa, kuma har suka sa shi a jirgi bai sauke idonsa a kansa ba.

Muka rufa tamfol, muka bar kafa ta wajen kansa. Inna ta zauna a nan ta zura hannunta ciki. Ni ina daga baya, ƙanena yana tafe cikin ruwa yana riƙe da gefen jirgin har inda ya fi ƙarfinsa sannan ya hau. Ina ganin tamfol ɗin yana motsi kaɗan-kaɗan, na san karkarwa yake yi, ko ta sanyi ko ta tsoro.

Da muka doso titi hayaniya ta taso. Wasu suna cewa sannu Hajiya, wasu suna cewa Allah ya tsare gaba, samari suka fara shigowa ruwa wai za su taya sauke kaya. Ƙanena ya ce musu an gode, mun iya. Mai fito ya manna jirgin da bayan motar. Ni da Inna muka miƙe muka ɗaga gefen tamfol sama kamar masu kare shinkafa daga yayyafi, su biyu suka kama ƙyauren.

Sai ga wani tsoho cikin dillalan kara ya ratso mutane, ya shigo ruwa har idon sawu da babbar rigarsa. Abokin Alhaji ne na shekaru. Ya ce, "Baiwar Allah, ina Alhaji? Wa kuka bar wa shi?" Daidai nan aka ɗaga ƙyauren, rigar da aka lulluɓe Alhaji da ita ta zame, ƙafarsa ta leƙo ta ƙarƙashin tamfol, siririya, da wani tsohon tabo a dunduniya. Na ga idon tsohon ya sauka a kanta. Na san ya gane ta.

Ya juya mana baya. Ya buɗe hannayensa biyu, hannayen rigar suka bazu suka tare mu, ya ɗaga murya irin ta kara, "Kai, ku matsa baya! Ba ku taɓa ganin shinkafa ba ne? Ku sauke wayoyin nan, ku je ku taya masu kaya a can!" Wani ya ce ai Alhaji ake tambaya. Ya ce, "Alhaji yana hannun 'yan uwa, ku yi ta kanku." Ya yi ta kora su yana matsawa gaba, bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

Muka hau bayan motar ni da Inna, muka ja tamfol muka rufe kanmu tare da shi. Ciki duhu, da warin jiƙaƙƙen buhu. Ƙanena ya ta da mota, za mu gidana. Alhaji yana ta karkarwa, idonsa a buɗe yana bin fuskar matarsa. Ita ba ta ga abin da na gani ba, tamfol ya tare mata. Ta kamo hannuna, nata sanyi ƙalau.

Ta ce, "Hajiya, an gan shi?"

Na ce, "Ba a gan shi ba, Inna."

Ta sunkuya ta kai bakinta kunnensa. Ta ce, "Alhaji, ka ji? Mun wuce. Babu wanda ya gan ka." Ta sake faɗa masa, ta kuma sakewa. A hankali karkarwar ta lafa, ya rufe ido, motar ta hau kwalta.